Waiwaye: Yadda gwajin SSA ya zama alƙalin cutar Sjögren

Har yau ana ja-in-ja tsakanin likitoci da masu fama da bushewar ido da baki: idan gwajin jini na SSA, wato neman wani sinadarin garkuwa a jini, bai nuna komai ba, shi ke nan mutum ba shi da cutar Sjögren? Mace za ta zo idonta kamar an watsa masa yashi, loma ba ta wucewa sai da kurɓin ruwa, a duba takarda a ce mata, "Hajiya, jininki lafiya lau." Wannan rikici ya daɗe da tushe.

A 1933 likitan ido ɗan ƙasar Suwidin, Henrik Sjögren, ya bayyana cutar a jikin mata 19, kuma 13 daga cikinsu na da ciwon gaɓoɓi. Idanunsu ya fi dubawa. Daga baya aka gane garkuwar jiki ce ke juyowa ta afka wa wuraren da ke samar da hawaye da yawu.

Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne batun suna. A 1969 masu bincike a Amurka suka gano wani sinadarin garkuwa a jinin mai cutar lufus (wata cutar da garkuwar jiki ke afka wa jiki), ba Sjögren ba, suka kira shi Ro, daga farkon sunan majinyacin. Wani sinadarin mai suna La ya biyo baya a 1974. A 1975 wasu daban suka ci karo da sinadarai biyu a jinin masu Sjögren, suka sa musu SS-A da SS-B (ba SS na sikila ba, harufan sunan cutar ne a Turanci). Sai a 1979, da aka yi musayar samfurin jini tsakanin ɗakunan gwaji, aka ga ashe abu ɗaya ne: Ro shi ne SSA, La shi ne SSB. Amma SSA, sunan da ke ɗauke da harufan cutar, ya zauna a baki da kan takardar gwaji, har ya zama kamar shi ne shaidarta. A ganina nan aka fara kuskure. Sinadarin bai taɓa zama na Sjögren kaɗai ba. Ana samunsa a lufus, ana samunsa ma a jinin uwa mai ƙoshin lafiya, wani lokaci sai an ga bugun zuciyar jaririnta ya ragu sosai sannan a gano.

Ka'idojin tantance cutar na 2002 suka wajabta a samu sinadarin ko shaida daga ɗan naman da ake cirowa a leɓe a gwada. Na 2016 suka ba SSA maki 3 cikin 4 da ake nema, suka daina lissafa SSB shi kaɗai. An tsara su ne don zaɓar waɗanda za a yi bincike a kansu, amma a hankali suka shige ɗakin ganin likita. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu cutar ba su da SSA, kuma ɗan naman leɓen nan da ake ciro musu shi ma maki 3 ne.