Waiwaye: Inda zaren labaran bin sawun masu kisa ya tsinke

Tun da samari suka koma sauraron labaran jami'in bincike mai farautar makasan mutane a wayoyinsu, gardama ta ƙi ƙarewa a majalisun Sakkwato. Dattawa na cewa baƙon abu ne da waya ta shigo da shi rana tsaka, yana koya wa yara kisa. Masu sauraro kuwa cewa suke yi ai ƙarshenta mugun ake kamawa. Kowane ɓangare ya ɗauka jiya aka fara.

Laifi ya daɗe a littafin Hausa. Cikin littattafan da suka fito bayan gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933 a Zariya, Idon Matambayi labarin ɓarayi ne, Jiki Magayi kuwa ramuwar gayya ce da ta ci rayuka. Wannan kam duk ɗalibin Hausa a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya haddace shi saboda jarrabawa.

Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne 1982. A shekarar ce aka buga Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, labarin tsohon soja da ya tara gungun 'yan fashi bayan yaƙin basasa, da kuma Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, mai tona asirin fasa-ƙwauri da cin hanci. Ga bindiga, ga jini, ga garuruwa irin namu. Sai dai mai laifin ne ke jan ragamar labari. Saura ƙiris wani marubuci ya kawo mana mai bin sawunsa, ɗan ƙasa, wanda ya san lungu da mai unguwa.

Sai farashin ɗanyen mai ya faɗi a kasuwar duniya, naira ta karye daga 1986, takarda ta yi tsada. Marubuci ya koma buga littafi da kuɗin aljihunsa, ya kai kasuwar Kano ya jira ciniki. Littafin soyayya yana ƙarewa cikin 'yan makonni, mata na ba juna aro daga gida zuwa gida. Labarin bincike fa? Yana son watanni ana saƙa shi, yana son edita da zai duba ko alamar da aka ajiye a shafi na 10 ta dace da wanda aka kama a ƙarshe. Wa zai biya wannan wahala? Masu ƙishin irinsa suka koma wa littattafan Turanci na James Hadley Chase, marubucin labaran laifi ɗan Ingila, a wurin masu sayar da tsofaffin littattafai. A ganina nan zaren ya tsinke, tun kafin a haifi yawancin masu rubuta irin waɗannan labarai a WhatsApp yau.

Shi ya sa da suka tashi rubutawa, sai fina-finan Amurka da Indiya suka zame masu madubi. Kwanan baya na zauna da ɗan yayata a unguwar Mabera ta Sakkwato yana sauraron wani irin wannan labari a YouTube. Sunayen duk namu ne, amma gawa ta kwana biyar a ɗakin gwaji ana ɗaukar zanen yatsu, babu dangi ko ɗaya da ya zo neman ta. Kakarsa, da muka zaci barci take yi a kan tabarma, ta ɗago kai ta ce, "Wanga wane irin gari ne da ba a kai mamaci makwancinai kafin la'asar?"