Dogon bututun hayaƙi: me ke riƙe shi a tsaye?

Ƙanena da ke koyon gini a nan Maradi ya ga hoton bututun hayaƙin wata tashar lantarki, ya zo da tambayoyi: "Yaya, abin nan ba ya faɗuwa?"

Me ya sa ake yin shi da tsawo haka?

Hayaƙin kwal yana ɗauke da farar wuta da ƙura. In ya fita daga can sama, iska ta watsa shi kafin ya sauko kan mutane. Tsawon kuma yana taimakawa wajen jan hayaƙin. Mafi tsawo a duniya yana tashar Ekibastuz ta Kazakistan, kusan mita 420, an gama shi a 1987. Tasharmu ta SONICHAR da ke Anu Araren ƙarama ce, ba ta bukatar irin wannan.

Nauyinsa ne babban haɗari?

A'a, iska ce. Kankare gwani ne wajen ɗaukar nauyi, amma in aka ja shi sai ya tsage. Idan iska ta turo, gefe ɗaya yana dannuwa, ɗayan yana miƙewa, kuma wannan gefen rodi ne ke riƙe shi. Shi ya sa gindin ke da faɗi da kauri, yana tsukewa har sama, kamar hasumiya.

Akwai abin da ya fi turin muni. Ka taɓa jin wayar wuta tana yin fito a lokacin hunturu? Iskar da ta kewaye abu mai zagaye tana barin ƙananan guguwa a bayansa, ɗaya dama, ɗaya hagu. Bututun sai ya riƙa rangaji gefe da gefe. In bugun guguwar ya dace da rangajinsa, abin ƙaruwa yake kamar mai tura yaro a lilo. Nan injiniya ke kwana kan lissafi, da kuma wurin ƙofar da hayaƙi ke shiga a ƙasa, don ramin yana rage wa bango ƙarfi.

Hayaƙin ba ya cin simintin?

Zai ci in an bar shi. Farar wuta in ta haɗu da laima asid take zama. Saboda haka bututu biyu ne: na waje ya tare iska, na ciki, na bulo ko ƙarfe, ya ɗauki zafi da asid, da sarari a tsakaninsu.

Yaya ake zuba shi?

Da allon zubi mai hawa. Jak ne ke ɗaga shi kaɗan-kaɗan, ana ɗaura rodi ana zuba kankare dare da rana, don in aka tsaya sai gaɓa ta fito. Ƙanena, wanda ya saba jiran kwanaki kafin a cire katako daga ginshiƙi, nan ya riƙe baki.

Fentin ja da fari fa?

Don matuƙa jirgin sama ne. Da dare fitilu ke wannan aikin.