Ina kifin shak ke haihuwa? Tambayoyi kan wuraren da 'ya'yansa ke tasowa

Shin shak ƙwai yake yi ko haihuwa?

Duka biyun. Akwai nau'in shak fiye da 500 a tekunan duniya. Wasu ƙwai suke sakawa cikin 'yar jaka mai tauri kamar ta fata, da zaruruwa a kusurwoyinta da ke nannaɗe ciyawar teku don kada igiyar ruwa ta tafi da ita. Mafi yawa kuwa haifar 'ya'yansu suke yi da rai. Abin da ya haɗa su ɗaya ne: babu raino. Uwa na sauke nauyinta sai ta juya ta yi tafiyarta, ɗan kuma ya fito da haƙoransa, ranar nan zai fara neman na bakinsa. Gatan da take yi masa bai wuce zaɓar inda za ta bar shi ba, shi ya sa wurin ya zama komai.

Me ya sa da yawa ke zuwa bakin gaɓa, alhali teku na da faɗi?

Saboda babban abokin gabar ɗan shak shi ne babban shak. A ruwan da bai wuce gwiwa ba, ƙato ba ya iya kutsawa. Ga ɗumi da ke sa saurin girma, ga ƙananan kifaye da ƙaguwa birjik. An fi samun haka a bakin koguna, da lungunan teku masu laka, da dazukan mangurof, itatuwan nan da ke tsaye a ruwan gishiri bisa saiwoyi kamar ƙafafu, irin waɗanda suka cika yankin Neja Delta.

A tsibiran Bimini na ƙasar Bahamas, inda masanin nan Samuel Gruber ya kafa tashar bincike a 1990, 'ya'yan shak mai launin ruwan ɗorawa da ake kira lemon, tsawonsu wajen kamu ɗaya da ɗoriya, kan kutsa cikin saiwoyin idan ruwa ya cika, su fito fili idan ya janye, lokacin da manya ba su iya isowa. Haka suke yi na wasu shekaru. Binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2013 ya nuna cewa matan da aka haifa a wurin a shekarun 1990 sun dawo nan ɗin dai suka haihu, bayan shekara 14 zuwa 17. Ka ga ke nan idan aka sare dajin aka gina otal, uwar za ta iso ta tarar da siminti.

Da gaske akwai wanda ke shiga kogi?

Akwai. Wanda ake wa laƙabi da bijimi yana jure ruwan daɗi, 'ya'yansa kan tashi a bakin koguna. A kudancin Afirka ma sunan kogin Zambezi ake kiran sa da shi.

Duk inda aka ga ɗan shak, wurin raino ne?

A'a. A 2007 masaniyar shak Michelle Heupel da abokan aikinta suka gindaya sharuɗɗa uku da masana ke bi: a fi samun 'ya'yan a wurin fiye da sauran wurare, su daɗe a cikinsa, kuma abin ya riƙa maimaituwa shekara bayan shekara. A ganina tsaurin ya dace, don in aka ce ko'ina na da muhimmanci, babu gwamnatin da za ta san inda za ta tsare.

To can tsakiyar teku fa?

Nan ne aikin ya fi wuya, don babu gaɓar da mutum zai tsaya ya ƙirga. Na'urorin da ake maƙala wa kifin masu aika saƙo ta tauraron ɗan'adam sun nuna cewa 'ya'yan shuɗin shak kan shafe shekarunsu na farko a kewayen tsibiran Azores, tsakiyar Atlantika. A 2018 kuma kyamarar da aka zura ƙarƙashin teku yamma da Ireland, a zurfin wajen mita 750, ta hasko dubban jakunkunan ƙwai zube kan matattun murjani, ga ayarin wani ƙaramin nau'in shak na shawagi a kansu.

Shak mafi girma a duniya, mai ɗigo-ɗigon fari a baya, har yau babu wanda ya shaida haihuwarsa. A 1995 dai masunta a Taiwan sun kama wata mace, aka samu 'ya'ya wajen 300 a cikinta.

Akwai irin waɗannan wurare a Afirka ta Yamma?

Sosai. Banc d'Arguin na Muritaniya, wanda aka mayar gandun ƙasa a 1976, shimfiɗa ce ta ruwa mara zurfi da ciyawar teku, inda mai kan guduma da danginsa ke tasowa. Masuntan Imraguen, mazauna yankin, su kaɗai aka yarje wa su yi su a ciki, su ma da jiragen ruwa masu tafiya da iska, ban da inji. Amma kasuwa ta yi ƙarfi: fukafukan shak na tafiya Asiya, naman kuma a zuba masa gishiri a shanya a kai Ghana. Tsibiran Bijagos na Gini Bisau da wasu lungunan Kef Bad su ma suna cikin jerin.

Kifi ne fa, me zai hana ya sake yaɗuwa?

Shak ba tarwaɗa ba ne. Yana daɗewa bai balaga ba, goyon cikin wani nau'in kan kai kusan shekara biyu, 'ya'yan kuma 'yan kaɗan. Taru ɗaya da aka shimfiɗa a bakin lungu lokacin haihuwa na iya kwashe uwaye masu ciki da 'ya'yan bara a dare guda. Ƙiyasin 2021 ya nuna fiye da kashi ɗaya cikin uku na nau'o'in shak da danginsa na fuskantar barazanar ƙarewa, na tsakiyar teku kuma sun ragu da kashi 71 cikin ɗari tun 1970. Bahamas ta haramta kamun shak na kasuwanci a dukkan ruwanta a 2011, ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, kuma tun 2022 take zana taswirar wuraren da suka fi muhimmanci gare su, yanki bayan yanki. Taswirar ba doka ba ce, hukumar kamun kifi ta kowace ƙasa ce za ta yanke ko a rufe wane lungu, a kuma wane wata.