Ka ji waƙar Sifaniya ba ka san sunanta ba? Ga yadda ake bin sawunta

Na ji wata waƙar filamenko (salon waƙa da rawa na kudancin Sifaniya) a bidiyo, na kara wa Shazam, manhajar gano sunan waƙa, ta kasa gane ta. Me ya sa?

Shazam ba ta saurare irin na kunnen mutum. Tana gwada sautin ne da faifan da aka riga aka ɗauka aka adana. Idan wani dattijo ya rera a wajen biki a garin Jerez da ke yankin Andalusiya a kudancin Sifaniya, aka ɗauka da waya, babu faifan da zai zo daidai. Babbar matsalar ma ita ce, yawancin filamenkon gargajiya ba shi da suna tun asali. Mawaƙi yana ɗebo gajerun baitoci masu layi uku ko huɗu, waɗanda ake kira letra, ya jera su yadda ransa ya ba shi. Gobe ka same shi, ya sauya jerin.

To in babu suna, me zan nema?

Nemi salon. Su kansu mutanen Andalusiya ba sa tambayar "wace waƙa ce", sai dai "wane palo ne", wato wane reshe. Rassan sun haura 50, amma kaɗan ne za ka riƙa cin karo da su, kuma tafi ne ke tona asirinsu.

Saurari tafin, ka ƙirga. Idan zagayen ya kai bugu 12, ƙarfin yana faɗawa a na 3, 6, 8, 10 da 12, ka shigo babban gidan rassa masu bugu 12. In a hankali yake, muryar cike da nauyi, soleá ce. In da fara'a da annashuwa, alegrías ce ta Cádiz. In kuwa gudu ake kamar an biyo mawaƙin, ana ta shewar "olé", sai ka ce bulerías, wadda Jerez ke tinƙaho da ita. Tangos bugu huɗu ne, mai sauƙin kamawa, kuma ba shi ne tangon Ajantina ba. Ni dai ina ganin ƙirgar nan ta fi kowace manhaja amfani, ko da yake kunne kan ɗauki makonni kafin ya saba.

Akwai wanda na ji babu gita sam.

Duba wurin. In ka ji guduma na dukan uwar maƙera, martinete ne, waƙar da ake dangantawa da maƙeran ƙabilar Gitano, wato Romani na Sifaniya. In daga saman bene ake rerawa, jama'a sun yi tsit a titi cikin makon Ista, saeta ce. Idan kuma ka hango mutum zaune kan akwatin katako yana bugawa, to ɗaukar ba tsohuwa ba ce, domin makaɗin gita Paco de Lucía ne ya shigo da akwatin daga Peru a ƙarshen shekarun 1970.

Duk waƙar gargajiyar Sifaniya filamenko ce?

A'a, nan ne mutane ke ɓata. Filamenko na kudu ne. Sarewar nan mai jakar iska, gaita, tana nuna Galisiya ko Asturiyas. Rawa da waƙar jota ta fi shahara a Aragon, sardana kuwa rawar da'ira ce ta Kataloniya. Kula da harshen ma, don wataƙila ba Sifaniyanci ake yi ba.

Ina zan kai abin da na tattara?

Rubuta layi ɗaya na baitin ka bincika a intanet. Amma ka sani 'yan Andalusiya na haɗiye harafin s na ƙarshen kalma, su kuma watsar da d a tsakiya, sai a ce "cantaor" maimakon "cantador". Gwada rubutun duka biyu. Tsoffin baitoci da yawa na cikin tarin da masanin al'adun gargajiya Demófilo ya wallafa a 1881. Don waƙoƙin karkara, akwai sautukan da Ba'amurke Alan Lomax ya ɗauka a ƙauyukan Sifaniya daga 1952, ana sauraronsu kyauta a intanet. Idan duk abin ya faskara, Jerez na da cibiyar adana tarihin filamenko ta gwamnatin Andalusiya. Ka rubuta musu, ka faɗi reshen da kake zato da garin da aka ɗauki sautin.