Ed Whitlock

Ed Whitlock (1931–2017) ɗan tseren dogon zango ne daga ƙasar Kanada, haifaffen Ingila. Shi ne mutum na farko da ya haura shekara 70 kuma ya kammala gudun fanfalaki, wato kilomita 42.195, cikin ƙasa da awa 3. Gudu ba sana'arsa ba ce. Injiniyan haƙar ma'adinai ne, kuma sai bayan ya ajiye aiki ne sunansa ya zagaya duniya. Masu nazarin tsufa da motsa jiki suna yawan kawo shi misali saboda yadda yake atisaye: sassarfa ta awa uku ko fiye, kusan kullum, shi kaɗai, a cikin wata maƙabarta kusa da gidansa, da zafi da sanyi.

Rayuwarsa

An haife shi ranar 6 ga Maris 1931 a Landan. Ya yi gudu sosai yana ɗan makaranta, sannan ya karanta aikin ma'adinai a Kwalejin Imperial. Bayan kammala karatu, a farkon shekarun 1950, ya yi ƙaura zuwa Kanada don aiki, gudu kuma ya fita daga rayuwarsa har kusan shekara ashirin. Ya komo masa yana da shekara 41, a gajeren zango da matsakaici. Fanfalakinsa na farko ya yi shi ne don ya raka ɗansa matashi da ya nace sai ya shiga. Yana da shekara 48 ya yi gudun da ya fi kowanne sauri a rayuwarsa, awa 2 da minti 31. Daga baya ya zauna a Milton, wani gari a lardin Ontariyo, yamma da Toronto, kuma can ne gidansa har ƙarshen rayuwarsa.

Bajintar da ya kafa

A 2003, a gasar Toronto Waterfront, yana da shekara 72, ya kammala cikin awa 2 da minti 59 da daƙiƙa 10. Da shekara ta zagayo ya koma wannan gasa ya yi awa 2 da minti 54 da daƙiƙa 48. Ma'anar wannan ita ce dattijo ɗan shekara 73 yana cin kowace kilomita cikin minti 4 da daƙiƙa 9, sau arba'in da biyu a jere ba tsayawa. Matasa da yawa masu lafiya ba za su riƙe wannan saurin na kilomita biyu ba. Idan aka auna gudun da jadawalin da ke daidaita lokaci da shekarun mai gudu, yana kusa da awa 2 da minti 4 na matashi, alhali bajintar duniya a lokacin ita ce awa 2 da minti 4 da daƙiƙa 55 da Paul Tergat na Kenya ya kafa a Balin a 2003.

A 2005 ya sake sauka ƙasa da awa 3 a Rotterdam yana da shekara 74. Yana da 80 ya yi awa 3 da minti 15 da daƙiƙa 54. A Oktoban 2016, yana da 85, ya gama cikin awa 3 da minti 56, ya zama mutum mafi tsufa da ya kammala fanfalaki ƙasa da awa 4. Ban da waɗannan yana da bajinta da dama na rukunin shekarunsa a filin tsere, daga mita 1,500 zuwa 10,000.

Maƙabartar Evergreen

Duk wannan ya fito ne daga 'yar ƙaramar hanya mai kwalta da ke zagaye cikin maƙabartar Evergreen a Milton, tafiyar 'yan mintoci daga ƙofar gidansa. Zagaye ɗaya bai wuce minti biyar ba. Idan gasa ta ƙarato yakan yi ta zagayawa awa uku, wani lokaci har huɗu, yau da gobe da jibi. Ba ya lissafin kilomita, agogo kawai yake duba. Takunsa gajere ne, ƙafa ba ta nisa da ƙasa, ba ya kuma hanzari. Saurin yana samunsa ne daga ƙananan gasa da yake yawan shiga.

Ba shi da koci. Ba ya miƙe jijiyoyi kafin gudu, ba ya ɗaga ƙarfe, ba shi da wani abinci na musamman, takalmansa kuwa tsofaffi ne, wasu sun haura shekara goma. Ya sha faɗa wa 'yan jarida cewa atisayen ba daɗi yake masa ba, gasa ce ke sa shi fita. Idan gwiwarsa ta motsa, domin yana fama da amosanin gaɓɓai, ba ya yi mata gardama. Yakan ajiye gudun baki ɗaya, wani lokaci har kusan shekara, sannan ya dawo da 'yan mintoci yana ƙarawa kaɗan-kaɗan.

Mutane sukan ɗauki zaɓin maƙabartar a matsayin baƙon hali, amma duk wanda ya duba da kyau zai ga lissafi ne na mai hankali. Babu motoci masu gudu, babu tudu da gangare da za su ci gwiwa, itatuwa na ba da inuwa da rage iska, kuma babu abokin gudu da zai ja shi ya wuce ƙarfinsa. Mafi girma duka, duk inda ciwo ko gajiya ta same shi, gida na nan kusa. Wanda ya miƙa hanya kilomita goma sha biyar dole ya dawo goma sha biyar ko jikinsa ya yarda ko bai yarda ba. Mai zagaye yana iya tsayawa a kowane minti biyar.

Gudu a sanyin Ontariyo

Hunturun kudancin Ontariyo ba irin na Kano ko Zinder ba ne, inda sanyin asuba kan sake da hantsi. Daga Disamba zuwa Maris ma'aunin zafi kan wuni ƙasa da sifiri kwanaki da yawa, da dare ya kai digiri 10 ƙasa da sifiri ko ya wuce. A ƙarshen Disamba hasken rana bai fi awa 9 ba. Dusar ƙanƙara na rufe hanya, ta narke da rana, ta daskare da dare ta zama santsi mai haske da ido ba ya gani sosai a kan kwalta.

Duk da haka masu gudu a yankin ba sa hutun hunturu, saboda manyan gasa suna faɗowa ne da zarar sanyi ya fara ja baya. Tseren Around the Bay na kilomita 30 a birnin Hamilton na Ontariyo, wanda aka fara a 1894, akan yi shi ne a kusa da ƙarshen Maris, fanfalakin Boston kuma a Afrilu. Wanda zai shiga waɗannan dole ya yi dogayen gudunsa a Janairu da Fabrairu. Ga tsoho akwai ƙarin dalili. Matashi idan ya zauna wata uku zai farfaɗo cikin 'yan makonni, amma ɗan shekara saba'in abin da ya zube masa a wata uku ba lalle ne ya dawo duka ba.

Dabarun da masu gudu suka saba da su a irin wannan yanayi sanannu ne. Ana sa tufafi hawa-hawa: na ciki wanda ba ya riƙe gumi, na tsakiya mai ɗumi, na waje mai tare iska. Ana guje wa auduga a jikin fata, domin idan ta jiƙe da gumi takan zama kamar an manna wa mutum ƙanƙara. Hula da safar hannu dole ne, tunda kunne da yatsu da hanci su ne sanyi ke fara ci. Akan fita ana ɗan jin sanyi, saboda jiki zai yi ɗumi bayan minti goma. Akan fara gudu ana fuskantar iska, a dawo tana bayan mutum, don kada ta same shi a fuska bayan ya jiƙe. Saboda santsi, wasu na ɗaura wa takalmi ƙarafuna masu kama ƙasa, wasu na ɗaure gajerun kusoshi masu murɗi a tafin tsohon takalmi. Hukumar yanayi ta Kanada tana gargaɗin cewa idan sanyi haɗe da iska ya kai 28 ƙasa da sifiri, fatar da ba a rufe ba na iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. A irin wannan rana da yawa kan koma na'urar gudu ta cikin ɗaki.

Haɗarin ya fi yawa ga dattijo ta fuska uku. Sanyi na matse jijiyoyin jini ya ɗaga hawan jini, zuciya ta ƙara aiki, shi ya sa ake so mai ciwon zuciya ya ga likita kafin ya fara. Busasshiyar iska mai sanyi na ƙuntata hanyar numfashi ta jawo tari, abin da masu asma a ƙasar Hausa suka sani sarai a lokacin hunturu. Sai faɗuwa, wadda ita ce ta fi ban tsoro. Matashi zai zame ya tashi ya karkaɗe jikinsa, tsoho kuwa yana iya karya ƙugu, kuma karayar ƙugu a wannan shekaru takan kawo ƙarshen gudu gaba ɗaya. A nan ma ɗan zagayen Whitlock ya yi masa rana: hanya ce da ya san kowane taku nata, ya san inda ruwa ke kwanciya ya daskare.

Abin da jikinsa ya nuna

Tsufa na rage ƙarfin gudu ta hanyoyi da aka sani. Iyakar bugun zuciya na raguwa da kusan bugu 7 a minti cikin kowace shekara goma. Yawan iskar oksijin da jiki ke iya sarrafawa yayin aiki mai tsanani na faɗuwa da kimanin kashi 10 cikin 100 a kowace shekara goma ga wanda ba ya motsa jiki. Tsoka na zubewa, jijiyoyi na rasa taushi, ciwo na daɗewa kafin ya warke. Lokacin da aka gwada Whitlock a Jami'ar McGill da ke Montreal yana da shekara 81, ma'aunin oksijin ɗinsa ya kai 54, adadin da ake gani a jikin lafiyayyen ɗan jami'a. Siriri ne ƙwarai, nauyinsa na wajen kilo 50, abin da ya rage wa gaɓoɓinsa wahala.

Bai kamata a ɗauki tsarinsa a ce kowa ya bi ba. Yana da baiwa tun yarinta, kuma shekara ashirin da ya yi ba gudu wataƙila ta adana masa gwiwoyi. Likitocin wasanni a yau suna ba tsofaffi shawarar ɗaga nauyi sau biyu a mako don kare tsoka da ƙashi, abin da shi bai yi ba. Awa uku a kullum kuma za ta karya mafi yawan mutane. Abin da masu horarwa suka fi yarda da shi daga gare shi shi ne tafiya a hankali mafi yawan lokaci, ƙara tsawon gudu sannu-sannu, da janyewa da wuri idan gaɓa ta yi ƙorafi.

Rasuwarsa

Whitlock ya rasu ranar 13 ga Maris 2017 a Toronto, mako guda bayan ya cika shekara 86, sakamakon sankarar furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Wata biyar ke nan kacal bayan fanfalakinsa na ƙarshe. Bajintarsa ta 2004 ta tsaya har zuwa 2022, lokacin da Jo Schoonbroodt na ƙasar Holan, yana da shekara 71, ya yi awa 2 da minti 54 da daƙiƙa 19.