Wai mene ne wannan Giving Pledge ɗin na biloniyoyi?

Alƙawari ne da hamshaƙan masu kuɗin duniya ke ɗauka cewa za su bayar da fiye da rabin dukiyarsu ga ayyukan alheri, ko tun suna raye ko su bar shi a wasiyya. Bill Gates da Melinda, matarsa a lokacin, da Warren Buffett ne suka kafa shi a 2010, shi Buffett ma cewa ya yi kashi 99 cikin ɗari zai bayar. A Afirka Patrice Motsepe na Afirka ta Kudu ne ya fara sa hannu a 2013.

Amma fa ba doka ba ce. Magana ce kawai mutum ya ɗauka, in ya fasa ba kotun da za ta kira shi, ba mai zuwa ya ce buɗe mana littafi mu ga nawa ka fitar bana.

Batun amfani kam ba gardama, mu a arewa mun gani da idonmu. Matan nan masu rataye da kula suna bi gida-gida suna ɗiga wa yara maganin shan inna, su shafa musu tawada a ɗan yatsa su yi alama da alli a jikin bango, akwai kuɗin gidauniyar Gates sosai a wannan aiki, ta kuma haɗa hannu da gidauniyar Ɗangote kan rigakafi a Kano, ga shi a 2020 an tabbatar cutar ta asali ta kau daga Najeriya. Yaron da bai gurgunce ba ai ba ƙaramin abu ba ne.

Inda abin ke damuna shi ne yadda kuɗin ke tafiya. A Amurka in attajiri ya zuba dukiya a gidauniyarsa ana rage masa haraji, alhali abin da doka ta tilasta wa gidauniyar ta fitar a shekara wajen kashi 5 ne kacal, sauran na nan an sa a hannun jari yana ta haihuwa, kuma sau da yawa shi da iyalinsa ne ke juya ta. Elon Musk ya sa hannu tun 2012, je ka duba sau nawa arzikinsa ya ninka daga lokacin. Irin su Chuck Feeney, da ya rabar da kusan dala biliyan 8 har ya ƙare rayuwarsa a gidan haya a 2023, ba su da yawa wallahi.

Ita zakka ai haƙƙi ce, an yanka ɗaya cikin arba'in an kuma faɗi masu karɓa, mai dukiya ba shi da ta cewa. Haraji ma ko ba komai kana iya tsare gwamna ka tambaye shi ina kuɗinmu. Shi kuwa wannan, mutum ɗaya da ba wanda ya zaɓe shi ne zai yanke wace cuta za a yaƙa, wace ƙasa za ta samu, kuma ranar da ya ga dama ya tsaya. Gates da kansa ya sanar a 2025 cewa zai rufe gidauniyarsa a 2045, to jihohinmu da suka saba jiran wannan tallafi kafin a yi wa yara allura, ya kamata tun yanzu mu ga kuɗin rigakafin a cikin kasafinsu.