Waiwaye: Laura Whitmore da batun wa ke kula da masu fitowa a talbijin na Birtaniya

A watan Yulin 2024, lokacin da BBC ke bincike kan yadda ake tafiyar da 'yan takara a shirinta na gasar rawa mai suna Strictly Come Dancing, Laura Whitmore, mai gabatar da shirye-shiryen talbijin da ta taɓa shiga gasar, ta fito ta ce ita tun 2016 ta kai kukanta ga masu shirin. Shekara takwas ke nan kafin a saurare ta da kunnen basira. Tarihin aikin wannan mata 'yar ƙasar Ayilan ya tafi kafaɗa da kafaɗa da wata muhawara da ta daɗe tana ci a Birtaniya: idan gidan talbijin ya ɗauko mutum ya ajiye shi a gaban miliyoyin 'yan kallo, wane hakki ne ya rataya a wuyansa?

An haife ta a Dublin a 1985, ta tashi a Bray, wani gari na bakin teku a gundumar Wicklow, ta kuma karanta aikin jarida a jami'ar DCU da ke Dublin. A 2008 ta lashe gasar da tashar MTV ta shirya don neman sabuwar mai gabatar da labarai, sai ta tattara ta koma Landan, kamar yadda 'yan Ayilan da dama masu neman suna a harkar watsa labarai suka saba yi. Ta yi shekaru tana hira da mawaƙa da taurarin fim, tana kuma tallan kayan sawa da na kwalliya. A 2011 tashar ITV2 ta ba ta shirin sharhi kan wata gasar talbijin da ake kai fitattun mutane dajin Ostireliya. Kujerar da ta hau a lokacin ta Caroline Flack ce, wadda ta koma wani shirin.

Gasar rawar ta 2016 ba ta yi mata daɗi ba. An haɗa ta da ƙwararren ɗan rawa Giovanni Pernice ɗan Italiya, ta ji rauni a idon sawu, aka fitar da su a mako na bakwai. Sai a 2018 ta rubuta cewa kullum sai ta yi kuka a lokacin. A shekarar ce kuma ta bayyana yadda masu farautar hoton fitattun mutane ke durƙusawa su ɗauki hoton ƙarƙashin siket ɗin mace tana fitowa daga mota, jaridu su saya. Abin da ya fi ɓata rai shi ne a lokacin babu wata doka takamaimai da ta haramta wannan ƙazanta a Ingila da Wales. Ta mara wa wata 'yar Birtaniya mai suna Gina Martin baya a fafutukar da Martin ta jagoranta ta neman a haramta abin, har doka ta fara aiki a Afrilun 2019, mai ɗauke da hukuncin ɗaurin da zai iya kai shekara biyu.

Babban abin da ya sauya rayuwarta ya zo ne ta ƙofar baƙin ciki. Shirin Love Island na ITV, inda ake tara samari da 'yan mata a gida ɗaya ana ɗaukar su dare da rana, ya riga ya shiga tsaka mai wuya, domin tsofaffin 'yan takararsa biyu sun kashe kansu a 2018 da 2019. Wannan ya sa ITV ta fito da sabbin ƙa'idoji a Mayun 2019, ciki har da zaman ganawa da masanin halayyar ɗan'adam aƙalla sau takwas ga duk wanda ya fita daga shirin. A Disambar shekarar aka tuhumi mai gabatar da shirin, Caroline Flack, da laifin dukan saurayinta, ta janye, aka kira Whitmore ta riƙe mata wurin a zangon da aka ɗauka a Afirka ta Kudu. Karo na biyu ke nan da ta gaji kujerar ƙawarta. Ranar 15 ga Fabrairun 2020, ana saura 'yan makonni a fara shari'ar, Flack ta kashe kanta a gidanta da ke Landan.

Washegari Lahadi ce, ranar shirin Whitmore a gidan rediyon BBC 5 Live. Da ta nemi hutu babu mai ganin laifinta. Amma ta shiga ɗakin watsa shiri, murya na rawa, ta ɗora alhaki a kan jaridun tsegumi masu cin kasuwa da sirrin mutane, da masu ɓuya a bayan waya suna zagi a intanet. Ta kuma kare shirin da ma'aikatansa, kuma a nan ne mutane suka rabu: wasu na ganin ta faɗi gaskiya, wasu na ganin ba a raba jaridun da shirin da ke samar musu abin bugawa. A ganina masu magana ta biyu suna da hujja, sai dai ba adalci ba ne a ce macen da ta yi rashin ƙawa jiya-jiya ita ce za ta warware wannan ƙulli. A Afrilun 2021 hukumar Ofcom mai sa ido kan kafafen watsa labarai ta wajabta wa tashoshi kula da lafiyar ƙwaƙwalwar masu shiga irin waɗannan shirye-shirye.

Whitmore ta gabatar da zango uku, ta ajiye aikin a Agustan 2022. Ta ce zango ɗaya ta yi niyyar riƙewa tun farko, kuma zirga-zirgar jirgi ta yi mata yawa. Kafin nan ta auri Iain Stirling, ɗan barkwanci daga Sikotilan wanda muryarsa ke ba da labari a shirin, sun kuma sami 'ya mace a 2021. Daga nan ta karkata ga wasan kwaikwayo na dandamali, wanda ta fara tun 2017, ta fito a manyan gidajen wasa na Landan a 2022. A 2023 ta yi wa ITV jerin rahotannin bincike, ciki har da na masu bibiyar mata da barazana ta intanet.

Sai rikicin gasar rawa ya dawo. 'Yar wasa Amanda Abbington, wadda aka haɗa da Pernice a 2023, ta shigar da ƙorafi a hukumance, Whitmore kuma na cikin waɗanda suka ba masu bincike bayani. Pernice ya musanta cewa ya ci zarafin kowa. A ƙarshen Satumbar 2024 BBC ta nemi afuwar Abbington, ta amince da wasu ƙorafe-ƙorafenta na cin fuska da baki, ta kuma wanke shi daga zargin amfani da ƙarfi. Tun kafin rahoton ya fito, BBC ta sanar cewa daga yanzu wani ma'aikacin shirin zai riƙa zama a ɗakin atisaye duk lokacin da ɗan takara ke koyon rawa.